Darasi na 7: Ƙarar da Ke Fitowa Daga Ƙafar Mota ta Gaba

Duk wanda ya taɓa ɗauko mota daga Kwangila ya nufi Samaru, ko ya kutsa lungunan Tudun Wada bayan an ɗauke ruwa, ya san irin wuyar da ƙafar mota ke sha a Zariya. Abin da kanikawa ke kira ƙafa ya haɗa taya da duk ƙarafa da robobin da suka riƙe ta a jikin mota. Su ne ke shanye girgizar rami kafin ta iso ga direba, su ne kuma ke juya tayar idan an murɗa sitiyari. Idan ɗaya daga cikinsu ya ci, sai ka fara jin gwaf, ko ƙwal-ƙwal, daga ƙarƙashin ƙafafunka.

A wannan darasi za mu koyi sauraren wannan ƙara da laluben inda take fitowa. Ba sai ka zama bakanike ba. Amma direban da ya shiga gareji ya ce "tana ƙara" kawai, ya ba da ƙofar a canja masa abu uku alhali ɗaya ne ya lalace.

Sunayen kayan

Karanta waɗannan sunaye da ƙarfi, sannan ka kwafe su a littafinka. Shokazoba, ko shok a taƙaice, shi ne dogon ƙarfe mai mai a ciki da ke hana mota yin tsalle-tsalle. Sifirin yana naɗe a jikinsa, shi ke ɗauke da nauyin motar. Lowa'am ƙarfe ne mai faɗi a ƙasa, ya haɗa taya da gangar mota, akwai robobi a gindinsa da ake kira bushin. Boljoyin yana bakin lowa'am, kamanninsa kamar gaɓar kafaɗar mutum, dunƙulen ƙarfe ne a cikin kwarmi. Tairod shi ke kai saƙon sitiyari ga taya. Linkej ɗan siririn ƙarfe ne mai kai biyu, yana haɗa shok ko lowa'am da sandar da ke rage karkatar mota a kwana. Shaf kuwa shi ke kawo ƙarfin inji ya juya tayar gaba.

Fara da kunne

Kafin ka taɓa sifana, ka fitar da jek da galan da duk wani tarkace daga cikin mota, ka kuma gwada notocin taya ko sun yi sako-sako. Na sha ganin mutum ya yi asarar wuni guda a gareji, ashe sifanar taya ce ke birgima a ƙarƙashin kujera.

Daga nan ka nemi hanya marar cunkoso, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka tafi a hankali. Tambayar da za ka riƙe a ranka ita ce: yaushe ƙarar ke zuwa?

Idan ƙwal-ƙwal ce ƙarama mai yawa, tana zuwa a kan hanyar burji ko ƙananan ramuka, tana ɗaukewa da zarar ka hau kwalta mai santsi, to ka fara zargin linkej. Shi ya fi saurin ci, shi ya fi araha. Idan gwaf ce guda ɗaya mai nauyi lokacin da ka taka birki ko lokacin da ka tashi daga tsaye, yawanci bushin ɗin lowa'am ne ya tsage, ƙarfen yana motsawa gaba da baya. Idan ƙas-ƙas-ƙas ce a jere, kuma ba ta zuwa sai ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana ba da wuta, kamar mai juyawa a shataletalen PZ, wannan shaf ne. Idan motar na tsaye ka juya sitiyari ka ji ƙarar daga sama kusa da gilashin gaba, a duba mazaunin kan shok. Gunji kuwa, wuuu, wanda ke ƙaruwa da gudu a hanyar Kano ko ta Kaduna, na boris ɗin taya ne, wato zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye a ciki da taya ke juyawa a kansa, shi ba ya bugawa.

Gwajin hannu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne hatsarin yake. Ka tsayar da mota a wuri mai tauri da ba gangara. Ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya da dutse ko katako. Bayan ka ɗaga da jek, ka tura safayar taya ko kututture mai ƙwari ƙarƙashin gangar motar. Ina roƙonka, kada ka cusa kanka ko hannunka ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi ko laka. Bulon siminti ma ba abin dogaro ba ne, yana farfashewa ba tare da ya ba ka alama ba.

Tayar tana lilo a sama, ka kama ta da hannu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ka tura da wannan ka jawo da wancan, da sauri-sauri. Idan ka ji ƙyal-ƙyal a tafin hannunka, tairod ne ya ci, ko na waje ko na ciki. Ka sa wani ya leƙa da tocila ya ga wace gaɓa ke rawa.

Sai ka sauya hannu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka sake girgizawa. Idan akwai wasa, abu biyu ne ake zargi: boljoyin ko boris. Ga dabarar raba su. Ka ce wa abokin aikinka ya shiga ya danne birki, kai kuma ka ƙara girgizawa. Idan wasan ya ɓace, boris ne. Idan yana nan, boljoyin ne. A wasu motocin ƙarfin sifirin na ɓoye wannan wasa, shi ya sa za ka ga gogaggen bakanike ya zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya yana ɗagawa yana kallon gaɓar.

Tun da tocila na hannu, ka bi robobin nan ɗaya bayan ɗaya. Kowane boljoyin, kowane tairod, kowane kan shaf yana da hular roba da ke riƙe giris a ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar robar ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da giris ta koma kamar yashi, ruwan damina kuma ya zo ya wanke sauran ya bar tsatsa. Idan ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin wili, robar shaf ta fashe. Wanda ya canja robar da wuri yakan tsira da shaf ɗinsa.

Shok ba ya buƙatar jek. Ka sauke mota, ka danna kusurwarta ta gaba da dukan ƙarfinka sau uku, ka saki. Lafiyayyen shok zai bar ta ta ɗago ta tsaya. Idan ta ci gaba da rausaya, ko ka ga mai ya jiƙa jikin shok ƙura ta manne masa, ya gama aiki. Taya ma tana ba da labari: idan gefe ɗaya ya cinye ɗayan yana nan da zanensa, saitin ƙafar ya goce.

A gareji

Karanta wannan hira tare da na kusa da kai, ɗaya direba ɗaya bakanike.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam."

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa, Alhaji. Me ke damunta?"

"Ƙafar dama ce. Ba ta ƙara a kan kwalta, sai na faɗa rami take yin gwaf. Na ɗaga ta na girgiza sama da ƙasa, akwai wasa, kuma ko an danne birki bai ɓace ba."

"To ai ka rage mini aiki, ranka ya daɗe. Boljoyin ne. Bari in kwance ka gani da idonka."

"In an canja, a ajiye mini tsohon."

Neman tsohon kaya haƙƙinka ne, ba rashin yarda ba ne, kuma bakanike na ƙwarai ba ya jin haushinsa.

Wanne ke jira, wanne ba ya jira

Linkej zai dame ka da ƙara amma za ka iya lallaɓawa zuwa ƙarshen mako. Shok da bushin su ma sukan ba da 'yan kwanaki, sai dai suna cin taya suna rage kamun birki. Boljoyin da tairod ba a yi musu gobe. Ka taɓa ganin mota a bakin hanya ta durƙusa, tayar gaba ta kwanta a gefe kamar akuyar da ta karye? Boljoyin ne ya fice. Idan tairod ya rabu, sitiyari ba zai ƙara juya wannan tayar ba. A cikin gari abin ya zo da sauƙi. A hanyar Funtuwa, da fasinja cike da mota, rayuka ake magana.

Wajen sayen kaya, ko sabo ko beljiyam, ka tafi Sabon Gari da tsohon a hannu don a gwada tsawo da zare. Boljoyin na hannu, ka motsa kansa da yatsa: idan yana lilo ba tauri, ka ajiye musu abinsu, araha ba ta ado. Shok ana canja shi biyu tare, dama da hagu. Notocin bushin kuwa, a ƙarasa ɗaure su bayan an sauke mota nauyinta ya zauna a kan taya, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Duk ranar da aka taɓa tairod ko lowa'am, ka wuce wajen masu alaimin, wato masu daidaita saitin taya, kafin ka koma gida.

Aikin wannan mako

Ku haɗu ku uku ku sami mota ɗaya, taku ko ta wani ɗan'uwa. Ɗaya ya tokare tayoyi ya ɗaga, ɗaya ya girgiza, ɗaya ya riƙe tocila da biro. Ku rubuta jimla uku: irin ƙarar da kuka ji, lokacin da take zuwa, da abin da hannunku ya ji a jikin taya. Ku kawo takardar aji mai zuwa, kowane rukuni zai karanta tasa a gaban allo.