Yadda mai ciwon suga zai riƙa duba ƙafarsa bayan alwala

Mahaifina ya yini da ƙusa a cikin takalmi, daga unguwar Aboabo zuwa kasuwar Kejetia a Kumasi har ya dawo, bai ji komai ba. Sai wajen alwalar magariba muka ga jini a safarsa. Aikin suga ke nan idan ya daɗe yana hawa: ya kashe jijiyoyin da ke jin zafi, ya tsuke hanyoyin jinin da ke sauka ƙafa. Mutum ya ji rauni bai sani ba, jinin da zai warkar da wurin kuma ba ya isa.

Tunda sau 5 muke wanke ƙafa a rana, ka zaɓi alwala ɗaya, wadda akwai haske, ta zama ta dubawa.

Da farko, in ruwan ɗumi ne, gwada shi da gwiwar hannu, don ƙafar ba za ta gaya maka gaskiya ba. Bayan ka wanke, ka tsane ta da tawul, musamman tsakanin yatsu, inda laima ke kwana fata ta tsage.

Sai ka zauna ka duba tafi da dunduniya. Idan sunkuyawa na yi maka wuya, sa madubi a ƙasa ko ka kira yaro. Kana neman faso, bororo, kumburi ko wurin da ya canza launi. Taɓa ƙafafun biyu: ɗaya ta fi sanyi? A lokacin hunturu ka shafa man kaɗe a kan kaushi, ban da tsakanin yatsu.

Kafin ka sa takalmi, zazzage shi, ka zura hannu ciki. Kada ka taka farfajiyar masallaci ba takalmi da tsakar rana. Masu yawo da almakashi suna yankan farce kuwa, ina roƙonka ka haƙura da su, haka ma reza a kan kaushi.

Akwai alamar da dattawanmu ke ɗora wa tsufa: ciwon sharaɓa idan ana tafiya, wanda ke lafawa da an tsaya. Sau da yawa ƙarancin jini ne a ƙafar, taba sigari kuma na ƙara shi. Ka faɗa wa likita, ya kuma duba maka ƙafa aƙalla sau 1 a shekara.

Amma in yatsa ya yi baƙi, ko gyambo yana wari ko ruwa, kada a ɗaura masa ganye a jira. Ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ka nufi asibiti mafi kusa ko babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a ranar.