Babi na Shida: Hawa Tarakta da Sauka Lafiya

'Yan'uwa manoma, wannan babi naku ne ku da kuka fara koyon tuƙin tarakta, ko kuna aiki a hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, a Jazira ta ƙasar Sudan, inda ake ban ruwa daga madatsar Sinnar tun shekarar 1925, ko a manyan gonakin dawa da riɗi na Gadarif da ake nomawa da ruwan sama. Ku karanta a hankali. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba tukuna ya roƙi abokin ajinsa ya karanta masa sau biyu, babu abin kunya a cikin haka.

Darasi na 1: Kafin a tayar da inji

Kada ka hau sai ka zagaya tarakta sau ɗaya da ƙafa, ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashinta, domin yara da awaki suna son inuwarta lokacin zafi. Ka duba man inji, ka duba ruwan lagireto tun inji yana da sanyi, ka kuma duba iskar tayoyi. Bayan haka ka duba jikinka. Jallabiya da rawani tufafin mutunci ne, amma ka ajiye su a gida ko a bukkar gona, ka sa wando da riga waɗanda ba sa reto, da takalmi rufaffe. Za ka ga dalili a darasi na gaba.

Ana tayar da inji ne daga kan kujera kaɗai. Ka zauna, ka sa giya a firi, wato wurin da sandar giya take motsi hagu da dama ba tare da ta kama komai ba, ka taka kuloci, sannan ka murɗa makulli. Wanda ya tsaya a ƙasa ya miƙa hannu ya tayar, idan tarakta tana cikin giya, babbar tayar baya ce za ta fara isa gare shi.

Darasi na 2: Sauka

Wannan shi ne darasin da na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe a kansa, saboda haka za mu daɗe a nan. Sauka tana da matakai biyar, daidai da yatsun hannu ɗaya. Na farko, ka sauke garma ko abin da ka ɗaura a baya har ya zauna a ƙasa. Na biyu, ka sa giya a firi, ka kuma cire sandar baya mai juyawa daga aiki. Na uku, ka ja birkin hannu. Na huɗu, ka kashe inji. Na biyar, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka jira har komai ya daina motsi, sannan ka sauka ta matakala kana fuskantar tarakta, ba da tsalle ba.

Yanzu ka ɗaga hannunka ka lissafa da baki: garma ƙasa, giya firi, birki, kashe inji, makulli a aljihu. Madalla. Sake faɗa. Idan ka manta ɗaya, kada ka damu, koma kan babban yatsa ka fara daga farko.

Me ya sa nake nanata kashe inji? A bayan tarakta akwai sandar ƙarfe wadda take juya injin casa da famfon ruwa da makamantansu. A yawancin taraktocinmu tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa guda. Idan ta kama bakin riga ko jelar rawani, kafin mutum ya buɗe baki ya yi ihu ta riga ta naɗe shi, kuma babu ƙarfin hannun da zai iya fizge tufar. Saboda haka murfin wannan sanda ya kasance a kanta kullum, kuma kada ka tsallake ta ko da tana tsaye.

Na san abin da za ku ce, domin na sha jin sa. Wani ya ce ciyawa ce kawai ta sarƙe garma, minti ɗaya zai cire ta. Wani ya ce batir ya yi rauni, idan ya kashe ba za ta sake tashi ba. Haba jama'a! Batir ana sayensa a kasuwa, hannu fa? Na yi wannan bayani a aji har muryata ta dushe, washegari na je gona na tarar da ɗalibi a durƙushe tsakanin tarakta da garma, inji yana ruri, garma a sama. Wallahi wannan ganganci ne, kuma magidanci mai iyali bai kamata a riƙa maimaita masa irin wannan magana ba. To, mu sake: garma ƙasa, giya firi, birki, kashe inji, makulli a aljihu. Ka rubuta waɗannan kalmomi a littafinka sau biyar, ka nuna wa malami.

Darasi na 3: Gefen tur'a da kan hanya

Baƙar ƙasar nan tana tsagewa da rani, tana santsi idan ta sha ruwa, kuma bakin tur'a, wato hanyar ruwan da ake ban ruwa da ita, yana iya zaftarewa ƙarƙashin taya. Ka bar tazara mai yawa tsakaninka da bakin ruwa, ka rage gudu kafin kwana. Tarakta tana da birkin ƙafa biyu, na hagu da na dama. Idan za ka hau hanya ka haɗa su da sakatarsu, domin taka ɗaya cikin gudu yana karkatar da ita har ta kife. In za ka ja kaya, ka ɗaura a ƙarfen ja na ƙasa, domin ɗauri a sama yana ɗaga gaban tarakta ta faɗo ta baya. In ka tsaya ɗaurin, ka tuna yatsu biyar.

Darasi na 4: Fasinja

Kujera ɗaya ce, ta mutum ɗaya. Kada ka ɗauki kowa a kan murfin taya ko a kan garma, ko da ɗanka ne yake kuka, ko da dattijo ne ya roƙa.

Darasi na 5: Mai da lagireto

Ka kashe inji kafin zuba mai, kuma kada a kusanto da wuta ko taba. Kada ka buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.