Yadda ake fitar da iska daga bututun ɗumama gida na ruwan zafi

'Yan'uwa mazauna Amurka da Kanada, idan sanyi ya shigo kuka ji bututun ɗumama ɗaki na gindin bango yana ƙugi, ko wani ɗaki ya ƙi ɗumi alhali boila, wato tukunyar da ke dafa ruwan, tana aiki, galibi iska ce ta maƙale ta tare wa ruwa hanya.

A kashe boila da famfon da ke zagaya ruwa, a bari bututu ya huce, don ruwan kan kai digiri 80 a ma'aunin Salsiyos, yana ƙona fata. A duba agogon da ke nuna matsin ruwa a jikin boila: idan ruwan ya huce ya kamata ya nuna 12 zuwa 15 a ma'aunin matsi na psi a gida mai hawa biyu. In ya gaza haka a fara ƙara ruwa, in ba haka ba iskar ba za ta fito ba.

A cire murfin ƙarshen bututun, akwai ɗan bawul, wato ƙaramin famfon fitar da iska. A tara kofi, a murɗa shi hagu da sukundireba, rabin juyi kawai. Kada a kwance shi duka, mayar da shi yayin da ruwa ke feshi aiki ne ja. Iska za ta yi tsaki, sai ruwa mai kumfa. Da ya zubo santal, a rufe. A fara da hawan ƙasa, a ƙare a sama, can iska ta fi taruwa, ana leƙa agogon a tsakani.

Idan iskar na dawowa kowane mako, a nemi yoyo ko a sa ma'aikaci ya duba tankin da ke daidaita matsi. Yawan zuba sabon ruwa tsatsa yake jawowa.