Yadda Ake Dawo da GRUB a Kwamfuta Mai Windows da Ubuntu

Wani lokaci bayan sabunta Windows, allon zaɓi na GRUB, wato manhajar da ke ba ka damar zaɓar Windows ko Ubuntu idan ka kunna kwamfuta, yakan ɓace, sai kwamfuta ta zarce cikin Windows kai tsaye. Kada ka yi gaggawar goge komai, domin galibi fayilolinka suna nan lafiya. Da zarar ka kunna, ka danna F2 ko Del, gwargwadon ƙirar na'urar, ka shiga saitin UEFI, wato saitin da ke kula da tashin kwamfuta, ka mayar da Ubuntu saman jerin Boot Order, wato jerin da ke nuna abin da kwamfuta za ta fara buɗewa, sannan ka adana.

Idan kuwa Windows ce ta ɓace daga allon zaɓi na GRUB, ka buɗe fayil ɗin /etc/default/grub a cikin Ubuntu, ka ƙara GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, ka gudanar da sudo update-grub, domin tun daga GRUB 2.06 binciken da ke gano Windows a kashe yake zuwa. Ka kuma kashe saitin Fast Startup a cikin Windows, wanda yakan hana Ubuntu yin rubutu a ɓangaren faifan Windows.