Kafin ku cika wa mai haɗa shafi kuɗinsa

Salamu alaikum 'yan uwa na Agege, Mile 12 da Idi-Araba. Duk wanda ya ba da aikin shafin intanet na kasuwancinsa, kada ya cika kuɗi sai ya tabbatar ba kwafe aka yi masa ba. Wasu masu aikin, ko a Ikeja ka samo su ko a Yaba, shafin wani suke ɗaukowa gaba ɗaya, su canza suna da lambar waya kawai.

Gwajin ba wuya. Ɗauki jimla ɗaya daga rubutun, ka sa ta cikin alamar zance, ka nema a Google. In ta fito a shafin wani, an gama magana. Akwai shafin da ake kira Copyscape, shi ma aikinsa ke nan. Hotuna kuma ka bi su da Google Lens, manhajar da ke nuna maka inda hoto ya fito a intanet.

Hotunan nan su suka fi jawo rigima. Hoto ya fito a Google ba ya nufin ba shi da mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai abu damar neman a sauke kayansa daga intanet, Google kuma yana cire shafi daga sakamakon bincike idan aka kai ƙara ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka da ake kira DMCA. Kuma sunanka ne a shafin, Alhaji, kai za a nema.

Gara ka ɗauki hoton kayanka da wayarka, ko a samo na kyauta a shafin Pexels ko Unsplash. In da manhajar gina shafi ta WordPress aka yi maka aikin, aka sa maka jigo na kuɗi (wato tsarin kamannin shafin da ake saya), nemi rasit ɗin lasisi, don na sata sau da yawa da muguwar manhaja a ciki.