Yadda ake gane tsohuwar libarbar soja

Da damina ta rushe soron kakanmu a ƙauyenmu da ke gefen Haɗeja, cikin adakarsa muka tsinci libarba naɗe da tsumma, tare da lambar yaƙin Bama. Ƙanena ya riga ya ɗauko samfefa zai goge tsatsa, Baffa ya riƙe masa hannu: "Kai yaro, rubutun da ke jikinta za ka kashe." Da ya goge, da har yau ba mu san ko wace iri ba ce.

Kafin komai, ka ɗauka da harsashi a ciki. Juya bakin zuwa ƙasa, yatsa nesa da kunama, a kori yara. Libarbar Ingila karyewa take yi a tsakiya: ka danna wani ƙarfe a hagu da babban yatsa, bututun ya sunkuyo, ramuka shida su bayyana. In tsatsa ta riƙe, bar ta haka, kada ka buga.

Sai karatu. Ɗiga man keken ɗinki a tsumma, shafa a hankali, ka fito da ita hasken hantsi. Tamu a gefen hagu aka rubuta Webley Mark VI, da shekara a ƙasa. Kamfanin Webley & Scott na Birmingham ne ya ƙera ta, sojan Ingila suka karɓi samfurin a 1915, kaurin harsashinta inci .455, bututunta inci shida. Nauyi gare ta, ta haura kilo ɗaya. In ka ga bututu gajere, inci huɗu, da ƙota mai lanƙwasa kamar kan tsuntsu, mai yiwuwa Mark IV ce ta 1899, irin ta zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906. Wadda ta fi sauƙi a hannu, da sunan Enfield da hoton kambi a gefen dama, harsashi mai kaurin inci .38, ta wajajen 1932 zuwa Yaƙin Duniya na Biyu ce.

Nemi wata 'yar alama mai kama da sawun kaza. Ita ce shaidar kayan gwamnatin Ingila. Ni ita na fi daɗewa ina kallo, don ta nuna a hannun soja bindigar ta yi rayuwarta. Zoben da ke gindin ƙota kuwa na igiyar ratayawa ne. Ɗauki hoton kowane rubutu da waya, ka kwafi lambar da ke jikin bindigar a takarda.

Kada ka yi gwajin harbi, kuma kada ka ajiye ta a ɗaka. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, sai da lasisin shugaban ƙasa, tsufanta ba ya fitar da ita. Mu dagaci muka sanar, ya raka mu wurin 'yan sanda, muka roƙi a duba ko gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano zai karɓa. Hotunan da lambar yaƙin suna nan wurin Baffa, cikin adakar.