Yadda za ka haɗa ƙamariyya, tagar gilashi mai kala irin ta Yaman

Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsohon birnin San'a na Yaman zai lura da wasu ƙananan tagogi masu siffar rabin wata a saman manyan tagogin, an cike su da gilashi ja da kore da shuɗi. Sunansu ƙamariyya, daga ƙamar wato wata. Birnin nan tun 1986 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, kuma irin wannan aiki akwai shi a tsofaffin masallatan Alƙahira da Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus. Turawa da dalma suke riƙe gilashin cocinsu, su kuwa Larabawa da jibsi suke riƙe nasu, kuma jibsin nan shi ne dai garin POP da ake yi mana silin da shi nan Katsina. Kaga kenan kayan aikin duk muna da su.

Ka fara da ƙarama don Allah, kamar santimita 40 kowane gefe. Kafinta ya buga maka firem na katako mai zurfin inci ɗaya da rabi, ka sa ya kafa ƴan ƙusoshi ta ciki su riƙe filastar. Gilashi kuwa ka je wurin masu tagar alminiyam ka nemi guntayen da suka rage masu, kore da shuɗi da ruwan ƙasa ba su wahala, ja ne sai an nema, in ya gagara ka shafa ma farin gilashi fentin gilashi. Fasasshiyar kwalba ba ta yi saboda a lanƙwashe take.

Zanen ka gama shi a takarda tun kafin ka taɓa ruwa. Mafi sauƙi tauraro mai tsini 8, murabba'i biyu ne ka ɗora ɗaya kan ɗaya ka ɗan juya na saman, shikenan. Amma ni na fi son Dagi, wanda muke gani jikin soraye da wuyan babbar riga, wallahi yana zama cikin ƙamariyya kamar don shi aka yi ta. Rubutun Larabci ka bar shi tukuna, sirara ne layukan suna karyewa, kuma wanda ke waje a juye zai gan shi.

Ka shimfiɗa leda kan tebur mai santsi ka aza firem ɗin, ka zuba ruwa a roba sannan ka riƙa barbaɗa garin a kai, ba ruwa ake zuba ma gari ba, har ya yi kauri kamar kunun tsamiya mai kauri, sai ka juye cikin firem ka ɗan bubbuga gefe iska ta fita ka daidaita saman da katako. Kar ka tsoma hannu ka bar shi ciki, yana ɗaukar zafi sosai in ya fara kamawa, ragowar kuma kar a zuba a kwata zai toshe ta.

To nan ne aikin yake. Cikin kamar minti 20 zuwa 30 zai kama, lokacin zafi ma bai kai haka. In ka danna farce ya shiga kamar a jikin sabulu, lokaci ya yi, ka ɗora takardar ka bi layin da ƙusa ka ɗauko siririyar wuƙa ka fara huda ramukan. Ta farkon da na yi na tafi sallar la'asar na tsaya gaisuwa, ko da na dawo ta zama dutse, ina dannawa da ƙarfi sai ji na yi ƙas, tauraron ya rabe biyu. Ka yanka a karkace, bakin ramin ta cikin ɗaki ya kalli ƙasa, haka magina na da suke yi don hasken ya sauko kan wanda ke zaune tunda tagar a sama take. Tsakanin rami da rami ka bar jiki mai kaurin ɗan yatsa, kar kwaɗayin kyau ya sa ka sirantar da shi.

Sai ka jingine ta a inuwa kwana 4 ko 5 ta bushe. Kowane gilashi a yanka shi ya ɗan fi raminsa girma, ka kifa tagar ka jera su ta baya ka bi tsakaninsu da POP mai ruwa ruwa ya kama gefensu. Sa safar hannu, gilashi baya da sabo.

Wurin kafawa ka zaɓi bangon gabas, saman ƙofar zaure ko ɗakin karatu. Tawa da hantsi kore da ja suke kwantawa kan tabarma, ƙaramar ɗiyata tana bin su da tafin hannu tana so ta kama. POP baya son ruwa, don haka kafin damina ka sa farin gilashi guda ta waje ya kare ta, ƙurar hunturu kuma busasshen burushin fenti kawai za ka bi ramukan da shi, kar a sa jiƙaƙƙen tsumma.